Tukunyar Gas a Gidajen Maraɗi: Aikin Mai Gida da Aikin Gwani

Da wuya ka tsaya a bakin titin Maraɗi na rabin sa'a ba ka ga ɗan kabu-kabu ya gifta da tukunyar gas ɗaure a bayan babur ba. Bi shi da ido har ƙofar gidan da aka aike shi, a unguwar Zariya ko Ali Ɗan Sofo ko Bagalam. Yana sauke ta zai karɓi kuɗinsa ya juya. Abin da ya rage, wato ɗaura mata kai da jona tiyo da tabbatar da cewa ba ta yoyo, ya koma hannun duk wanda ke gida a lokacin: uwargida, ko ɗanta da ya dawo daga lakwal, ko yarinyar da ke taya ta aiki. Na sha ganin an gama ɗaurawa sai a ƙyasta ashana a zagaya da ita bakin tukunyar, wai don a ga ko akwai inda iska ke fita. Ranar da na fara ganin haka a gidan wani ɗan'uwana gabana ya faɗi. Da na tambaya, sai na gane haka suka ga ana yi, babu wanda ya taɓa nuna musu wata hanya.

Tambaya biyu mutane ke yi. Shin doka ta yarda mutum ya haɗa murhun gas da hannunsa? In ma ta yarda, ina batun haɗari?

Bari in fara da faɗin ɓangaren da nake: ina tare da gas. A garin nan ne aka yi babban taron ƙasa na yaƙi da hamada a 1984, zamanin Seyni Kountché, wanda ya haifar da abin da ake kira Alƙawarin Maraɗi. Sama da shekara arba'in bayan nan, mafi yawan gidajenmu da itace suke girki, kuma amalanke bai daina fitowa daga dajin Baban Rafi ɗauke da kaya ba. Duk wanda ya san matar da ta shekara talatin tana hura wuta a ƙaramar madafa ya san abin da hayaƙi ke yi wa ido da ƙirji. Da matatar SORAZ ta fara aiki a arewacin Damagaram a ƙarshen 2011, tana tace man Agadem, sai Nijar ta samu gas nata na cikin gida. Farashin hukuma da aka daɗe ana aiki da shi shi ne sefa 1,800 ga tukunya mai kilo 6, sefa 3,750 ga mai kilo 12 da rabi, ko da yake ƴan kasuwa kan ɗora idan an shiga ƙaranci. Wannan sauƙin ne ya shigar da tukunyar gidajen ma'aikata da ƴan kasuwa, ta wuce har Tibiri da Jiratawa. Kayan ya iso da sauri, sanin yadda ake riƙe shi ya tsaya a baya.

Muhawarar ko doka ta hana ta samo asali ne daga ƙasashen da gas ke bin bututu ƙarƙashin ƙasa har cikin ɗakin girki. Ingila tana cikin masu tsanani, kuma akwai dalili. Da asubahin ranar 16 ga Mayu 1968, wata mata mai suna Ivy Hodge, da ke hawa na 18 a wani dogon bene da ake kira Ronan Point a gabashin Landan, ta ƙyasta ashana za ta dafa shayi. Gas da ya taru cikin dare ya tashi, ya ture bangon ɗakinta, kusurwar benen gaba ɗaya ta zube tun daga sama har ƙasa. Mutum huɗu suka mutu nan take, ita kuma ta tsira. Bincike ya nuna ginin kansa yana da rauni, shi ya sa ɓarnar ta yi yawa haka. Amma tushen yoyon wani ɗan ƙaramin noti ne na tagulla, marar inganci, a mahaɗin tiyo da murhu, kuma wani da ta sani ne ya haɗa mata murhun a matsayin taimako. Shekara biyu bayan nan aka kafa ƙungiyar rajistar masu aikin gas. Dokar da Birtaniya ke aiki da ita yanzu, ta 1998, ta ce aikin gas sai wanda ya ƙware, kuma duk mai yin sa a matsayin sana'a sai yana cikin rajista, wadda tun 2009 ake kira Gas Safe. Faransa ta ɗan sassauta: mai gida yana iya jona murhunsa da tiyo mai hatimin inganci, amma shimfiɗa sabon bututu ko sauya tsohon yana buƙatar takardar shaida.

A Maraɗi babu bututun gas da ya shiga gidan kowa. Tukunya ce ake musaya, wata-wata ko duk lokacin da ta ƙare, kuma ba zai yiwu a ce sai an kira gwani duk ranar da za a sauya ta ba. Ko a Turai ba a ce haka ba ga masu amfani da tukunya. Dokokin Nijar sun fi tsayawa a kan harkar kasuwancin. Wata doka ta 2014 ta tsara tacewa da adanawa da jigila da sayar da man fetur da dangoginsa. Kamfanin SONIDEP ne ke ɗauko kaya daga matata, kamfanoni masu izini kamar Niger Gaz da Sonihy da Gani Gaz su cika tukwane su rarraba, hukumar ARSE da aka kafa a 2015 kuma ta sa ido. Da tukunya ta tsallake zaure, babu jami'in da zai biyo ta ya tambaye ka takarda.

Sai dai doka tana shigowa gida bayan wuta ta tashi. Kundin dokokin hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa ya tanadi, a sashe na 1382 da na 1383, cewa duk wanda ya jawo wa wani hasara, ko da ta sakaci ne, shi zai biya. Ɗan haya ma ya fi shiga tsaka mai wuya, domin idan gobara ta tashi a gidan da yake haya, shi ake fara ɗora wa alhaki har sai ya nuna cewa daga maƙwabta ta zo, ko daga lahanin ginin, ko daga abin da ya fi ƙarfin mutum. Idan an yi rauni ko an rasa rai, dokar laifuka tana hukunta kisa da jikkatawa ta hanyar ganganci. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe a kan irin wannan matsayi: wanda ya kunna wuta a ranar iska ta tsallaka ta cinye kayan maƙwabci, lamuni yana kansa. A tsoffin unguwanninmu, inda katanga ɗaya ce ta raba gida da gida, wannan magana ce ta yau da kullum.

To mene ne a cikin tukunyar? Mafi yawa ba su san cewa ruwa ne ba. Jijjiga ta kaɗan za ka ji yana motsi. Matsi ne ya riƙe shi a matsayin ruwa, da ya samu ƙofa sai ya koma iska, kuma lita ɗaya ta ruwan tana zama kimanin lita 250 ta iska. Iskar nan ta fi wadda muke shaƙa nauyi, kusan ninki biyu. Hayaƙin itace sama yake yi ya fita ta taga, shi ya sa muka saba tunanin buɗe taga ya wadatar. Gas ƙasa yake bi kamar ruwa. Yana malala a daɓe, ya shige ƙarƙashin gado, ya sauka a rariya, ya kwanta a duk wani rami. Mutum yana tsaye ba ya jin warin sosai, alhali jaririn da ke kan tabarma yana cikinsa. Warin ma ba nasa ba ne, wani sinadari ake zuba masa da gangan don hanci ya gane.

Kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki idan ya zama gas, tartsatsi ɗaya ya isa. Ɗauki ɗaki mai mita uku-uku a tsawo da faɗi da bisa. Kilo ɗaya da ɗan kai ne zai kai shi wannan matsayi, wato kusan kashi ɗaya cikin goma na babbar tukunya. Tun da kuma a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma yana iya kamawa. Yoyon da ba ka jin ƙararsa, idan ya kwana a rufaffen ɗaki, yana iya tara wannan.

Yanzu ga aikin kansa. Ƙaramar tukunya mai kilo 6 ita ce mafi sauƙi, domin kan murhun a bakinta ake murɗa shi kai tsaye, babu tiyo. Duk lafiyarta ta rataya ne a kan wata ƴar roba da ke tsakanin kan da bakin, wadda ba ta kai girman ƙwandala ba. Zafi yana busar da ita, ƙurar hunturu tana cin ta, yawan murɗawa yana tsaga ta. Duba ta duk ranar da za ka sauya tukunya. Ka tabbata makunnin a rufe yake, ka murɗa kan a miƙe da hannu har ya zauna. Idan ya ƙi shiga, kada ka tilasta shi da filaya, domin zaren bakin ne zai lalace. Wani abin da ake mantawa shi ne nauyi: ƙatuwar tukunyar tuwon gidan mutum goma sha biyar ba ta dace da wannan ƙaramar ba. Tana iya tuntsurewa wajen tuƙi, kuma faɗin gindinta yana mayar da zafi ƙasa, kan robar nan da muke magana.

Babbar tukunya tana da mahaɗi uku: tsakanin bakinta da detandar, wanda a Kano da Katsina ake ce wa regileta, sai tsakanin detandar da tiyo, sai tsakanin tiyo da murhu. Aikin detandar rage ƙarfi ne. Murhun gida yana son matsi ɗan kaɗan, miliba 28 zuwa 30, amma a zafin bazarar Maraɗi, lokacin da ma'auni ke haura 40, matsin da ke cikin tukunya yana kai wa ninki ɗari na wannan. Saboda haka wanda ya jona tiyo ba tare da detandar ba, ko ya ɗauko mai ƙarfi irin na masu suyar ƙosai da masu gidan abinci ya sa wa murhun ɗaki, ya saki ƙarfin da makunnan murhun ba za su iya riƙewa ba. Kusancinmu da iyaka ya ƙara wata matsala. Kaya na shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa, kuma ba kowane kai ne ke hawa kowace tukunya daidai ba. Akwai na murɗawa, akwai na dannawa. Idan kai bai zauna ba sai an cusa leda ko an naɗe da tsumma, ba na wannan tukunyar ba ne, a mayar wa mai shago.

A kan tiyo ne na fi ganin sakaci. Tiyon gas daban yake da na ban ruwan lambu, ko da sun yi kama a ido. Gas yana cin robar tiyon ruwa a hankali har ta bushe ta tsattsage. Na gaskiya yana da rubutu a jikinsa, sau da yawa har da shekarar da za a daina amfani da shi. A ƙa'idar Faransa, wadda yawancin kayan da ke zuwa mana da rubutun Faransanci ke bi, na roba zalla shekara 5 ne, mai noti a baki biyu shekara 10. Wannan lissafi ne na ƙasar sanyi. A nan, ga rana ga ɓera, ni dai ba zan bar na roba ya kai ƙarshen wa'adinsa ba. Lanƙwasa shi da hannu, idan ka ga ƙananan tsaga kamar diddigen da hunturu ya fasa, lokacinsa ya yi. Kada ya wuce mita ɗaya da rabi ko biyu, kada a haɗa guntu biyu, kada ya bi ta bayan tanda inda zafi yake. A kowane baki a ɗaure shi da zoben ƙarfe mai sukuru, wanda masu shago ke kira kolye. Waya ko robar tayar keke ba sa tsayawa a madadinsa. Kuɗin zoben nan biyu bai kai na kwanon shinkafa ba.

Bayan an gama sai gwaji, kuma ruwan sabulu ne kayan gwajin. Kaɗa omo ko sabulu a kofi har ya yi kumfa, rufe makunnan murhu, buɗe tukunya, shafa kumfar a duk mahaɗi uku da tsawon tiyon. Inda ka ga kumfa tana kumbura tana tashi, nan ne yoyo. Rufe, gyara, sake gwadawa. Minti biyu ne. Duk wanda ya iya wannan ya iya ɗaura tukunyarsa, kuma ban ga dalilin hana shi ba.

Akwai kuma iyakar da bai kamata mai gida ya tsallake ba. Manyan murahu masu tanda da ake kawowa na hannu daga Turai, da yawansu an ƙera su ne don gas ɗin bututu. Ƙananan hancinan tagulla da gas ke fita ta cikinsu sun fi faɗi, domin wancan gas ɗin bai kai namu ƙarfi ba. Idan ka jona irin wannan da tukunya ba a sauya hancinan ba, sai ka ga doguwar wuta ja ko rawaya tana lasar gefen tukunyar miya, tana baƙanta ta. Wutar gas mai lafiya shuɗiya ce, gajera, a natse. Mai rawaya tana fitar da iskar guba marar wari, irin wadda garwashi ke fitarwa a rufaffen ɗaki, wadda ke sa ciwon kai da jiri kafin ta kwantar da mutum, musamman a watannin sanyi da ake toshe ƙofa da taga. Sauya hancinan nan aikin wanda ya koya ne. Haka jan bututun tagulla ta cikin bango a sababbin gidaje, haka gyaran bakin tukunya da ke yoyo. Tukunyar da ta yi tsatsa a gindi, ko ta lotsa, ko aka yi mata walda, kada ma a karɓe ta daga mai kawowa. Tanda kuma tana da nata tarko: idan an buɗe gas ba ta kama nan take ba, a rufe, a bar ƙofarta a buɗe iska ta shiga kafin a sake gwadawa.

Mafi muni shi ne juye, wato ɗura gas daga babbar tukunya zuwa ƙarama a shago ko a gida. A wurin cikawa na ƙa'ida, da sikeli ake aiki, kuma ba a cika tukunya fal. Ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fanko, domin ruwan yana kumbura idan ya ji zafi. Mai juye a lungu da ido yake aunawa. A ranar 4 ga Janairu 2020, wani shagon sayar da gas ya tashi a Sabon Tasha da ke Kaduna, mutane suka mutu, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta Najeriya, wanda ba shi ne mai shagon ba, yana kusa ne kawai. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A fannin ɗura gas hukuma tana da cikakken hurumi, domin sana'a ce mai buƙatar izini, kuma nan ya kamata a ga tsananinta.

Inda ake ajiye tukunya ma abin dubawa ne. Tsarin gidajenmu yana taimaka mana, tun da yawancin girki a tsakar gida ake yi ko a ƙarƙashin rumfa, iska na kaɗawa. Haɗarin yana ƙaruwa ne a gidajen haya masu ɗaki da falo, inda ake shigar da tukunya ɗakin kwana da dare don tsoron ɓarayi. Idan dole ne a shigar da ita, a rufe ta daga bakinta, a gwada da kumfa, a ajiye ta kusa da ƙofa. A tsaye take zama kullum. Masu kwantar da ita don a tatsi ragowar suna tura ruwan gas cikin tiyo ne, masu ɗumama gindinta kuma suna ƙara mata matsi. Kada ta yini a rana, kada ta zauna kusa da murhun gawayi, domin gidaje da yawa duka biyun suke haɗawa. Rumfar zana kuma a ba ta tazara. Mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a faɗa musu saurin wuta a zana: ranar 8 ga Nuwamba 2021 garin nan ya rasa ƙananan yara sama da ashirin a azuzuwan zana. Ba a danganta waccan gobarar da gas ba, amma ta nuna mana cewa zana ba ta ba mutum lokaci.

Idan ka shigo ka ji wari, kada ka taɓa makunnin lantarki, ko kunnawa ko kashewa, domin ɗan tartsatsin da ke cikinsa ya isa. Kada ka kunna fanka da nufin kore warin. Rufe bakin tukunya, buɗe ƙofa, fitar da yara, ka yi waya daga waje. Idan wuta ce ta kama a tiyo ko a kan murhu kuma hannunka na iya kai wa bakin tukunyar, naɗe hannu da jiƙaƙƙen zane ka rufe, wutar za ta mutu da kanta. Idan ta riga ta lulluɓe tukunyar, a fita, a sanar da maƙwabta, a kira ƴan kwana-kwana.

Abin da ke damuna shi ne wanda ake koya wa. Mai gida ne ke zuwa shago, shi mai shago ke yi wa bayani idan ma ya yi, amma ba shi ne ke tsaye a gaban murhu sau uku a rana ba. Na san gidajen da aka hana mace taɓa kan tukunya, sai ta jira mijinta ko ta kira almajiri ya ɗaura mata. Ranar da tiyo zai fita, ita ce a wurin, kuma ba ta taɓa murɗa bakin nan da hannunta ba. Na san kuma amaren da aka sa musu murhun gas a kayan ɗaki suka bar shi a kwali don tsoro, suka koma itace.

Kirana ga kamfanonin rarrabawa shi ne su sa kowane dillalinsu ya ajiye kofin ruwan sabulu a shago, ya gwada tukunya a gaban mai saye, ya kuma riƙa sayar da detandar da tiyo da zobe a haɗe. ARSE da hukumomin gari su bi kasuwa su duba irin tiyon da ake sayarwa da sunan na gas. Cibiyoyin koyon sana'a su horar da masu gyaran famfo aikin gas su ba su shaida, don mai gida ya san wa zai kira. Gidajen rediyonmu da ƙungiyoyin mata su gayyaci ƴan kwana-kwana su nuna wannan da Hausa, a aikace.

Kai kuma mai karatu, ke kuma uwargida, yau kafin a kwanta a duba shekarar da ke jikin tiyo, a kaɗa sabulu a shafa, a tara duk wanda ke girki a gidan ya rufe bakin tukunya da hannunsa sau ɗaya. Lambar ƴan kwana-kwana a Nijar 18 ce, a rubuta ta a bangon madafa.